Me ya sa gyaran hanyar keke ba ya wuce damina ɗaya?

Jama'a, a ƙauyukanmu na Konni, Galmi da Badagishiri, da zarar an sauka daga kwalta, keke ke kai yaro lakkol, amalanke ta kai albasa kasuwa. Kowace shekara samari na fitowa gayya su cike ramuka, amma ruwan Agusta ɗaya sai ya kwashe aikin.

Dalili kuwa, rairayi muke zubawa, kuma ba mu bar wa ruwa mafita ba. Inda korama ta ratsa hanya, dutse ake shimfiɗawa a danne da marmara, sannan a jera duwatsu can sama don rage ƙarfin ruwan.

Ƴan uwa na Abijan da Legas, in za ku taimaka, ku aiko tun watan Mayu: kuɗin baro, shebur da abincin masu gayya.