Grateful Dead: Yadda kaset-kaset ɗin masoya suka adana tarihin mawaƙa

Kimanin shekaru 30 ke nan da ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Grateful Dead ta yi wasanta na ƙarshe, amma har yanzu masoyanta na tafka muhawara a kan daren da kiɗanta ya fi armashi.

An kafa ƙungiyar a jihar Kalifoniya a 1965, kuma ta yi wasanni sama da 2,300 kafin rasuwar jagoranta Jerry Garcia a watan Agustan 1995. Abin da ya bambanta ta da sauran masu kiɗan rock shi ne ba ta maimaita wasa. Kowane dare sai ta sauya jerin waƙoƙin, waƙar da ba ta wuce 'yan mintoci a faifai ba kuma takan ja ta ta yi tsawo gwargwadon yadda makaɗan suka ga dama.

Wannan ne ya sa masoyanta, waɗanda ake wa laƙabi da Deadheads, suka fi daraja sautin wasannin a kan faya-fayen da aka naɗa a sutudiyo.

Izinin naɗar sauti

A lokacin da akasarin mawaƙa ke ɗaukar shiga da rakoda wurin wasa a matsayin satar fasaha, Grateful Dead ta kau da kai. A 1984 ma sai ta keɓe wa masu naɗar sauti wuri na musamman, bisa sharaɗin ba za su sayar ba. Daga nan musayar kaset ta hanyar gidan waya ta ƙara bunƙasa, kowane kaset da kwanan wata da sunan gari a jikinsa.

Wasan da ya fi yin suna shi ne na ranar 8 ga watan Mayun 1977 a zauren Barton na Jami'ar Cornell da ke jihar New York, inda ƙungiyar ta haɗe waƙoƙin Scarlet Begonias da Fire on the Mountain na fiye da minti 20 ba tsayawa. A 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da shigar da shi cikin kundin sautukan tarihi na ƙasar, shekaru biyar kafin a fitar da shi kasuwa a hukumance.

Sai dai ba kowa ya yarda shi ne zakara ba. Wasu na ganin farin jininsa ya samo asali ne daga tsabtar sautin da injiniyar ƙungiyar, Betty Cantor-Jackson, ta naɗa, da kuma yadda kaset ɗin ya bazu. Akwai masu fifita wasan Veneta a jihar Oregon na watan Agustan 1972.

Wa ke da iko da sautin?

Zumuncin ya fuskanci jarrabawa a watan Nuwamban 2005, lokacin da aka hana sauke wasannin daga rumbun Internet Archive bisa buƙatar masu kula da kasuwancin ƙungiyar. Dubban masoya suka sa hannu a takardar koke, suna masu cewa su ne suka yi ɗawainiyar adana wannan tarihi.

Cikin 'yan kwanaki aka sasanta: sautin da 'yan kallo suka naɗa ana iya sauke shi kyauta, wanda aka ɗauka kai tsaye daga na'urorin ƙungiyar kuwa sai dai a saurara a intanet.

Kyautar ba ta kashe kasuwa ba. Jerin faya-fayen Dick's Picks, wanda aka fara a 1993 ƙarƙashin mai kula da taskar ƙungiyar Dick Latvala, ya kai kashi 36, shi kansa Latvala kuma daga cikin masu tara kaset aka ɗauko shi aiki.