Makullin Yana Hannun Wa?

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar manhajar rubutu ta nemi kalmar sirri, shi ke nan asirinsu ya rufu. Ina! Kalmar sirri tana hana ƙaninka da ya ari wayarka leƙawa ne kawai. Kamfanin da ke ajiye rubutun a kwamfutocinsa kuwa, in ya ga dama sai ya karanta. A watan Disamba na 2016 kamfanin manhajar rubutu na Evernote ya sanar cewa wasu ma'aikatansa za su riƙa duba rubutun jama'a don inganta manhajar. Aka yi masa ca, kwana kaɗan ya janye. To amma janyewar me ta canza? Da ma can yana iyawa.

Su kuwa manhajojin Standard Notes, wadda kamfanin Proton na Suwizalan ya saya a 2024, da Notesnook ta Pakistan, tun a cikin wayarka suke rikita rubutun kafin ya hau intanet. Abin da ke isa wurinsu tarkacen haruffa ne marasa ma'ana. Joplin ma tana yi, sai dai kai za ka shiga saiti ka kunna.

Sai kuma ka ji wani yana cewa, ai tunda masu waɗannan manhajoji sun baje lambobin gininsu a fili, kowa zai iya fasawa. Wannan magana an binne ta tun 1883. A shekarar ne Auguste Kerckhoffs, haifaffen Holan da ke koyarwa a Faransa, ya rubuta wa sojoji cewa tsarin ɓoye saƙo na kirki shi ne wanda ko abokin gaba ya san yadda aka gina shi, ba zai amfana ba muddin makullin bai shiga hannunsa ba. Kowane maƙeri ya san cikin kwaɗo, amma hakan bai buɗe masa shagon kowa ba. Baje lambobin ma shi ke ba masana damar bincikawa ko kamfanin ƙarya yake yi.

Sai dai in ka manta kalmar sirrin Standard Notes, roƙo ba zai dawo da rubutunka ba, domin su ma ba su da ita. Notesnook tana ba ka makullin ko-ta-kwana tun ranar rajista. Kwafe shi a takarda ka adana a gida.