Gidan Tarihi na Yerwa da Haƙƙin da Yake da Shi a Kan Mutanen Jere

Mutumin Kano, idan ɗansa ya tambaye shi labarin kakanni, ba ya bukatar dogon bayani, sai ya kama hannunsa ya nuna masa Dala da ragowar badala da Gidan Makama, domin birnin yana nan a inda magabata suka kafa shi; amma mutumin Khaddamari, ko na wani ƙauye daga ƙauyukan Jere masu noman shinkafa a fadamar da kogin Ngadda yake malalewa, bai sami wannan gata ba, alhali kuwa daular da ya gada tana cikin mafiya daɗewa a duk ƙasashen baƙar fata. Sababin haka shi ne, gadon sarautar Barno bai taɓa daɗewa wuri guda har abada ba. Ya zauna a Njimi ta ƙasar Kanem, gabas da tafkin Chadi. Mai Ali Gaji ya mai da shi Ngazargamu a ƙarni na 15. Da birnin nan ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, Shehu Laminu al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, ya zauna a Dikwa har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Sa'an nan a 1907 Shehu Garbai ya sauka a Yerwa, wato Maiduguri ta yau. Ashe ke nan Maiduguri, duk da girmanta, jaririya ce a cikin biranen Barno.

Al'ummar da ta yi ƙaura sau da yawa haka, ba ganuwa ce ke riƙe mata tarihi ba, sai abin da hannu ya iya ɗauka, da abin da ƙasa ta binne ta adana. Wannan ne ya sa nake ganin Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Maiduguri, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, ya fi zama lalura ga mutanen Barno bisa ga yadda irinsa yake ga mutanen wasu garuruwa, kuma abin takaici ne a ce mutum yana shigowa birni daga Khaddamari cin kasuwa shekara da shekaru, bai taɓa ratsewa ya leƙa ba.

Wanda ya shiga, shawarata gare shi kada ya yi gaggawar wuce tukwane da tsingaro don ɗokin ganin takubba, gama a wurin masana tsingaro ya fi takobi yawan magana. A faɗin ƙasar firgi da ke kudu da tafkin Chadi akwai tuddai waɗanda ba halittattu ba ne, kufai ne a kan kufai, inda al'umma bayan al'umma suka yi gini bisa tarkacen waɗanda suka gabace su. Ɗaya daga cikinsu, wato Daima, wani masani Bature mai suna Graham Connah ya haƙa shi a 1965 da 1966, ya ratsa zurfin da ya haura mita 10, ya tarar da zamani bisa zamani a jere, tun daga masu aiki da dutse da ƙashi har zuwa masu ƙira da ƙarfe. A Gajiganna kuma, arewa da Maiduguri, an sami alamun makiyayan shanu da suka zauna kimanin shekara 3,800 da suka shige. Mafi ban mamaki shi ne kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, lokacin Yobe tana cikin jihar Barno. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi a 1994, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa kuwa kimanin 8,000. Yana Damaturu a ajiye, amma wanda ya san labarinsa ba zai ƙara kallon kaskon da ke cikin akwatin gilashi da raini ba.

Kayan doki da na yaƙi ba su bukatar mai yi musu shela. Ya isa a tuna cewa Bature Denham, da ya iso Kukawa a 1823, barade sanye da sulke ne suka tarye shi, kuma tun kafin wannan da shekara fiye da 200 Mai Idris Aloma ya riga ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne ga allo da tawada da takarda. Ba a banza ba ne almajirin ƙasar Hausa, idan ya ƙudurta zama gwani, ake cewa ya tafi gabas. Domin Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, mutanenta suka mallaki masauki na ɗalibai da alhazai a birnin Alƙahira tun ƙarni na 13, kuma Barno ta ƙago wa kanta salon rubutu mai kauri da ake ce da shi Barnawi, wanda har gobe alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da shi da ka. An sami tsofaffin mus'hafai a nan, ɗaya daga cikinsu mai tarihin 1669, waɗanda malamai suka cika tsakanin layukansu da sharhi cikin tsohon harshen Kanembu, shaida ke nan cewa kakannin Barebari suna fassara Littafin Allah da harshensu a rubuce tun kafin Bature ya san hanyar tafkin Chadi.

Na sha jin masu cewa gidan tarihi ɗakin gumaka ne, bai kamaci mumini ba. Ina girmama tsantseninsu, amma ban yarda da hukuncinsu ba, domin akwai bambanci bayyananne tsakanin duban ta'azimi da duban i'itibari, kuma malaman tarihi na Musulunci ba su taɓa ƙyamar binciken al'ummun da suka shuɗe ba. Ibn Khaldun kansa bai ga ƙasƙanci ba wajen rubuta labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyauta a 1257.

Akwai kuma wani dalili wanda ya fi waɗannan duka nauyi a yau. Tun daga fitinar da ta ɓarke a 2009, dubban yara sun tashi a sansanoni da gidajen 'yan'uwa a Maiduguri da Jere, suna jin sunan Kukawa da Dikwa da Ngala a bakin iyayensu ba tare da sun san ƙasar da idonsu ba, kuma dattawan da za su ba su labari da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Bayan wannan, ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024 ta shafe unguwanni masu yawa na birnin da na Jere, ta kuma nuna mana cewa takardar da aka gada kaka da kakanni, ko wasiƙa ce ko mahram irin wanda sarakuna ke bai wa malamai don 'yantar da su daga haraji, dare ɗaya na ruwa ya isa ya hallaka ta.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantun Khaddamari, na boko da na allo, su nemi izinin iyaye su kai ɗalibansu ƙungiya ƙungiya, su sa kowane yaro ya tambayi ma'aikacin gidan daga wane gari aka kawo abin da yake kallo, gama ba mamaki ya ji an ambaci garin kakarsa. Wanda kuma yake da tsohuwar takarda a gafaka, ba sai ya rabu da ita ba. Ya kai ta ga masana a gidan tarihi ko a Jami'ar Maiduguri a ɗauki hotonta, a rubuta sunan gidan da ta fito, ya komo da abarsa.