Kuɗin Ko-ta-kwana da Kuɗin Zumunci

Yau maganarmu a kan ɗan kuɗin da kike samu ne a cikin ɗakinki, na ƙosai ko ƙuli-ƙuli, na kitso ko ɗinkin hula, ko na turara shinkafa irin wadda matan Tudun Wada suka ƙware a kai. Nawa za ki ajiye saboda ranar tsautsayi, nawa kuma za ki kashe a biki da ziyara da ɗan jin daɗin rai?

Ki duba yadda shekara take juyawa a ƙasarmu ta kudancin Kano. Da kaka, masara ta shigo daga gonakin Doguwa, shinkafa ta cika kasuwa, maigida ya sayar, ke ma cinikinki ya buɗe. To a daidai lokacin ne bukukuwa suke yawa, wannan ta aiko da anko, waccan ta aiko da goron gayyata. Amma ciwo ya fi zuwa da damina, wajen Yuli zuwa Satumba, lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, kuɗin maigida kuma sun tafi a taki da noma. Wato kuɗi suna shigowa a wani lokaci, larura tana zuwa a wani. Matar da ta ƙarar da na kaka a biki, damina za ta same ta hannu rabbana.

Ga kuma nisa. Idan naƙuda ta yi gardama cikin dare, ko yaro ya fara jijjiga, aka ce a wuce asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni, mutumin Riruwai ko Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora kafin ya kama hanyar Kano. Tafiyar sa'o'i ce, kuma shatar mota za a ɗauka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Gaskiya ne magani haƙƙi ne a kan maigida, amma in ya tafi cin rani fa? Ke ce a gida da yara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ki yi asusu biyu. Na farko shi ne na ko-ta-kwana. Ga yadda za ki san adadinsa: ki sa maigida ko babban ɗanki ya tambayi direban garinku nawa ne shata zuwa babban asibitin da ya fi kusa, da kuma zuwa Kano. Ki ƙara kuɗin magani da na abincin mai jinya na mako guda. Abin da ya tashi, shi ne abin da za ki tara. Kafin ya cika, duk naira 1,000 da kika ci riba, bayan kin ware jari, ki jefa 300 a ciki. Wannan asusu ba na anko ba ne, ba na rance ba ne, ko da ƙawarki ta ƙut-da-ƙut ce ta zo.

Wata za ta ce, ai ina adashi. Adashi yana da kyau wajen babbar hidima da kika san ranarta, kamar kayan ɗakin 'yarki. Amma kwasa bi da bi ce, ciwo kuwa ba ya jiran ranar kwasarki, kuma ba kullum uwar adashi take iya sauya miki layi ba. Wata kuma za ta ce tana da akuya. Madalla, sai dai akuyar da aka kai kasuwa da gaggawa, dillali yana ganin idon ɗan aike ya san an matsu, sai a taya ta a wulaƙance.

Kada kuma ki zuba komai wuri guda. Kin tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000? Mai kuɗi a banki ta kasa cirewa, mai tsofaffin kuɗi a ƙarƙashin katifa ta ga ana ƙin karɓa. Ban da haka, kuɗin da suka daɗe a kwance darajarsu zubewa take yi. Saboda haka kuɗin mota da na magani su zauna a hannu, sauran ki mai da su buhun masara tun da kaka, ko 'yar tunkiya, ko kaji.

Asusu na biyu shi ne na zumunci, kuma kada wata ta ce miki ɓarna ne. Mace mai zaman kulle, fitarta ƙidayayya ce: biki, suna, gaisuwa, ganin gida. Nan take ganin uwarta da 'yan uwanta, ta yi dariya, ta dawo da sabon jini. Zumunci a ƙafa yake, kuma wadda kika je wa yau ita ce za ta zo miki jinya gobe. Haka nan in maigida ya yarda, ranar yawon salla a kai yara su ga ruwan Tiga a ƙasar Bebeji, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yaro ba ya manta irin wannan rana. Mai burin sauke farali kuwa, akwai adashin gata na aikin Hajji da Hukumar Alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar a Kano tare da bankin Jaiz a 2020, ana tarawa sannu a hankali.

Sharaɗin wannan asusu ɗaya ne: abin da ke cikinsa shi za ki kashe. Idan bukukuwa uku suka haɗu a wata guda, ki zaɓi na jini ki yi anko, sauran ki je da atamfar da kike da ita, ko ki aika da gudummawa daidai ƙarfinki. Al'adar nan ta ninka biki, ta ba ki 2,000 ke ki mayar da 4,000, ku zauna da ƙawarki ku yi magana, ku tsayar da abin da ba zai karya kowa ba. Cin bashi don a fita kunya, kunyar tana nan tana jira ranar biya.

In larura ta zo kika taɓa asusun ko-ta-kwana, to aikinsa ya yi, kada ki ji ciwo. Sai dai ki dakatar da anko har ki mayar da abin da kika ɗiba. In kuwa ya cika yana zaune, ki shirya, ki je ki ga gida hankali kwance, a tashi da wuri kada dare ya yi a hanya.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a cikin neman da muke yi. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, a huta lafiya.