Rubutun Shaida: Misali Daga Marc Bloch

Rubutun shaida shi ne wanda marubuci yake bayyana abin da ya gani da idonsa, ya kuma auna halayen abokan aikinsa. Marc Bloch, masanin tarihi kuma kyaftin a rundunar Faransa, ya yi irinsa a 1940, bayan mamayar Jamus. Ya zargi manyan hafsoshi da riƙe dabarun yaƙin 1914, alhali abokan gaba sun sauya salo. Sai dai bai tsame kansa ba, domin ya amsa cewa malamai irinsa sun yi shiru lokacin da magana ta wajaba. Jamusawa sun harbe shi a 1944, aka buga littafin a 1946. Don haka malami ya koya wa ɗalibansa su bincika ko mai shaida ya auna kansa da mudun da ya auna wasu.