Idan Mai Faranta Wa Jama'a Ya Shiga Damuwa, Wa Zai Lallashe Shi?

A watan Fabrairun 2022 BBC Hausa ta yi hira da Ladin Cima a shirin Daga Bakin Mai Ita. Dattijuwar, wadda ta fara wasan kwaikwayo tun zamanin da talabijin na Kaduna ke tashe, ta ce sau da yawa naira 2,000 zuwa 5,000 ake sallamarta da su idan ta gama aiki. Wasu furodusoshi suka musanta, wasu 'yan fim suka mara mata baya, taimako kuma ya biyo baya. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, sai da maganar ta fito bainar jama'a sannan da yawa suka san halin da take ciki, alhali kullum ana ganin fuskarta.

Haka sana'ar take. Jarumi ko mawaƙi ko ɗan barkwanci, da fara'a yake cin abinci. Ko da baƙin ciki ya kwana, idan darakta ya ce a ɗauka, dole ya saki fuska. Ga rashin tabbas: tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, harkar ta koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, wanda ba a saka shi a ciki ba yana iya shafe watanni ba a kira shi lokeshan ba. Suna kuwa yana nan, kuma shi ke hana shi hawa adaidaita sahu cikin kwanciyar hankali, shi ke sa dangi su ɗauka kuɗi na jibge a gidansa.

Sai kuma bakin duniya. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a Kano bisa ƙarar hukumar tace finafinai. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan hukunce-hukuncen, amma wanda abin ya faɗa wa, bayan an gama sharhi a rediyo da Facebook, ɗaki zai koma shi kaɗai da tunaninsa.

A irin wannan lokacin ake gane aboki, kuma akwai labarin da ya cancanci a tsaya a kansa. Christopher Reeve, wanda ya fito a Superman, ya faɗo daga kan doki a jihar Virginia ta Amurka a watan Mayun 1995, ya karye a wuya, jikinsa ya shanye. Yana kwance yana jiran aikin da likitoci suka ce ko ya tashi ko kada ya tashi, sai ga wani mutum ya banko ƙofa cikin kayan tiyata, yana magana da karin harshen mutanen Rasha, wai shi likitan masu basir ne, yanzu-yanzu zai duba shi. Ashe ɗan barkwanci Robin Williams ne, abokinsa tun suna ɗalibai a makarantar Juilliard ta New York a 1973. Reeve ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa ranar ce ya fara dariya tun bayan hatsarin.

Barkwancin ya yi aiki ne don sanayyar shekara 22 ce a bayansa. Williams ya san abin da zai sa mutuminsa dariya, kuma da ƙafarsa ya je. Da baƙo ne ya yi haka, da cin fuska ya zama.

Zuwa da ƙafa shi ne kan gaba. Saƙon "Allah ya yaye" a WhatsApp yana da kyau, amma bai kai a buga ƙofa a ce, "Mutumina, tashi mu je mu sha shayi," ko "Ƙawata, yau a nan zan wuni" ba. In an zauna, a bar shi ya yi magana. Kada a tare shi da "kai da duniya ta san ka, me zai dame ka?" Wannan tambayar rufe baki take yi. Kada kuma a mayar da damuwarsa ƙarancin imani. A yi masa addu'a, a tuna masa rahamar Allah, ba tare da an tuhume shi ba. Idan yabo za a yi, a ambaci takamaiman fitowar da ya yi ko baitin da ya ratsa mutum, domin "kana ƙoƙari" ya ji ta har ya gaji. Idan matsalar ta aljihu ce, a taimaka a asirce, ko a haɗa shi da mai aiki. Ɗaukar bidiyon mutum yana karɓar tallafi a watsa a TikTok ƙarin nauyi ne aka ɗora masa.

Akwai kuma inda lallashi ba ya isa. Likitoci sun ce idan baƙin ciki ya kai mako 2 yana tare da mutum kusan kullum, barci da cin abinci suka rikice, abin da yake so ya fita daga ransa, to ana zargin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Idan ya fara cewa ya gaji da duniya, kada a ɗauka wasa ne don ɗan wasa ya faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da na kusa da shi. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, akwai kuma asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Mai suna yakan ji tsoron a gan shi a layin irin wannan asibitin, gobe labari ya bazu cewa ya haukace. Aboki na iya yankar masa kati, ya nemi lokacin da ba cunkoso, ya ɗauke shi a motarsa, ya zauna kusa da shi har likita ya kira su.