Fulogi: Ƙaramin Abu Mai Babban Aiki a Injin Mota

Sau da yawa akan ga mota ta tsaya cak a hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, wani lokaci ma ɗauke da majinyacin da ake gaggawar kai wa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Idan aka bincika, wani sa'in sai a tarar musabbabin bai wuce fulogi ba, abin da tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba.

Aikin fulogi shi ne kunna wuta a cikin silinda. Batir yana ba da lantarki mai ƙarfin bolt 12, sai kwayil ya ɗaga shi ya haura bolt 20,000. Wannan lantarki yakan tsallake ɗan giɓin da ke bakin fulogi, ya haifar da tartsatsin da ke ƙona haɗin fetur da iska, ƙarfin ƙunar kuma ya tura fistan. Étienne Lenoir ya yi amfani da wannan dabara a injinsa cikin 1860 a Faransa. Injin dizal ba ya buƙatarsa, domin zafin matsa iska kaɗai ya isa ya kunna man.

Wajibi ne mai saye ya kula da abubuwa uku. Na farko, tsawon zaren da ake murɗawa: idan ya zarce kima, fistan na iya dukansa. Na biyu, lambar zafi. Ana son bakin fulogi ya kasance tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Idan bai kai ba, baƙin hayaƙi ya taru a kansa. Idan ya wuce, man ya kama kafin lokaci, injin ya lalace. A nan akwai ruɗani: a NGK babbar lamba na nufin mai sanyi, a Bosch kuwa mai zafi. Na uku, giɓin, wanda galibi yake tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1.

Kamar yadda likita ke duba idon majinyaci, haka bakanike ke karanta launin tsohon fulogi. Ruwan ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi busasshe yana nuna fetur ya rinjayi iska, abin da kan faru idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Baƙi mai maiƙo kuwa, baƙin mai ne ke kutsawa cikin silinda, kuma sabon fulogi ba zai magance wannan ba.

Saboda haka, kafin a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a rubuta lambar da kamfanin motar ya ƙayyade, a canza na dukkan silindojin lokaci guda, a kuma guji jabu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.